Ɗanku Ya San Hanyar Laburare? Shawarwari Goma Ga Gidan Da Ke Da Ɗalibi a Jami'a

A hutun da ya wuce ɗiyar yayata ta dawo gida idanunta sun yi jawur. Tana aji huɗu a jami'a, malamin da ke duba aikinta na kammala digiri, wato firojet, ya maido mata da babi na biyu, ya bi shafi bayan shafi da jan biro yana tambaya guda: ina kika samo wannan? Na zaunar da ita a kan tabarma na ce, "'Yata, kawo katin laburarenki in gani." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi Kawu, ban taɓa zuwa na karɓa ba." Shekara uku da rabi tana wucewa ta gaban ginin, karatunta kaf a handawut yake, sai hotunan littafin ƙawa da ake turowa ta WhatsApp. Uwarta kuwa adashe take zubawa ta biya kuɗin rajista, wanda a cikinsa har da na laburare.

Ban ɗora mata laifin ita kaɗai ba. Yaranmu da yawa sun fito daga sakandaren da babu ɗakin karatu, ko akwai amma kullum da kwaɗo a ƙofa. Mu ma a gida abinci muke tambaya, da ɗakin kwana, da sakamakon jarrabawa. Ga abin da iyaye da yayye za su iya yi, ko da su kansu ba su taɓa taka jami'a ba.

1. Ku nemi ganin kati tun zangon farko.
Da sanyin safiya ake kama fara. Kowace jami'a tana yi wa sababbin ɗalibai rajistar laburare, akwai kuma darasi kan amfani da shi a cikin kwasa-kwasan da kowa ke yi a shekarar farko. Yara sukan haddace shi su ci jarrabawa ba su leƙa ginin ba. In ɗanku ya zo hutun farko, ku ce ya nuna muku katin. Ku tambaye shi littafi nawa ake ba shi aro, kwana nawa yake riƙewa, nawa ne tarar jinkiri. Ku tuna masa cewa wanda ya ɓatar da littafi ba za a sa masa hannu a takardar sallama ba sai ya biya, kuma wannan kan iya jinkirta masa tafiya bautar ƙasa.

2. Ku sa ya zagaya ginin ya dawo muku da labari.
Laburaren jami'a kamar kasuwa yake, kowane layi da hajarsa. Akwai sashen aro. Akwai sashen ƙamus-ƙamus da kundayen sani, waɗanda ake dubawa a nan a bar su a nan. Akwai inda ake keɓe littattafan da ake rububi, a ba mutum na awa ɗaya ko biyu. Akwai sashen mujallu da jaridu, da na kundayen digiri, da ɗakin kwamfuta. Manya irin Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, da na Ramat a Maiduguri, mutum kan shafe yini bai gama zagaya su ba. Tsangayoyi da sassa ma sukan sami nasu ƙananan ɗakunan karatu, inda sau da yawa aka fi samun wurin zama lokacin jarrabawa.

3. Ya koyi karanta lambar da ke gadon bayan littafi.
Wannan lamba ita ce adireshin littafi. Galibin jami'o'in Najeriya suna bin tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya raba ilimi da haruffa: K shari'a, L koyarwa, Q kimiyya, R likitanci, S noma, T fasaha. Littattafan Musulunci suna ƙarƙashin BP, tarihin Afirka DT, harshen Hausa da sauran harsunan Afirka kuma PL. Laburaren gari da yawa suna bin tsarin Dewey, wanda ya fito a 1876, mai amfani da lambobi daga 000 zuwa 999. Ɗalibi zai nemi littafi a katalog, na kwamfuta ko na katuna a aljihun tebur, ta sunan marubuci ko taken littafi ko fanni, ya kwafe lambar gaba ɗaya, sannan ya bi kanta. Ribar da ke ciki ita ce, in ya je ɗauko guda ɗaya zai tarar da 'yan'uwansa goma a jere kan magana ɗaya. Kuma in ya gama, ya bar shi a kan tebur. Littafin da aka cusa a kantar da ba tasa ba, ya ɓata ke nan ko da yana cikin ginin.

4. Ku cire masa kunyar tambaya.
Nan ne gida ya fi tasiri. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu su yi shiru a gaban manya, tarbiyya ce mai kyau, amma tana bin su har teburin tambaya ta ɗaure musu harshe. Ɗalibi kan ɗauka mutumin da ke zaune a wurin mai gadin littattafai ne kawai. Alhali wannan mutum digiri ya yi a kan nemo bayanai, wasunsu daktoci ne, wasu farfesoshi. Aikinsa ke nan a zo a tambaye shi. Ku koya wa yaro ya yi sallama, ya gaishe shi, sannan ya faɗi buƙatarsa filla-filla. Wanda ya ce "Ina neman littafin noma" za a nuna masa kanta. Wanda ya ce "Ranka ya daɗe, ina aji uku a sashen noma, an ba ni aiki kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu, zan miƙa nan da mako biyu, na duba katalog na sami guda ɗaya tak" za a jawo masa kujera a buɗe masa ƙofofin da bai san da su ba. Matambayi ba ya ɓata. In bai gane bayanin ba, ya ce a maimaita, kuma ya koma ya yi godiya in aiki ya yi kyau.

5. Ya karɓo mabuɗin laburaren intanet.
Rabin dukiyar laburare a yau ba ta kan kanta. Mujallun bincike na duniya suna cikin rumbunan intanet da jami'a ke yi wa rajista, ɗalibi kuma ya shiga kyauta in ya karɓi suna da kalmar sirri, ko ya hau intanet ɗin makaranta. Akwai JSTOR, mai tarin maƙaloli kan tarihi da adabi da zamantakewa. Akwai shirin Research4Life da aka tsara don ƙasashe masu tasowa: Hinari na fannin lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002, da AGORA na noma daga hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2003, da OARE na muhalli, da GOALI na shari'a. Ya tambaya wanne makarantarsu ke da shi. Akwai kuma waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga kowa: Google Scholar, da PubMed na likitanci, da DOAJ. AJOL kuwa mujallun Afirka ya tattara, na Najeriya suna da yawa a ciki, kuma da damansu ana sauke su kyauta. Don haka in yaro ya ce an nemi dala talatin kafin ya karanta maƙala, kada ku yi saurin neman rance. Ya fara kai sunan maƙalar wurin ma'aikacin laburare. In kuna tura masa kuɗin data, ku ware wani kaso ku ce wannan na karatu ne.

6. Ya iya zaɓen kalmar nema.
Yara sukan zuba taken aikinsu dungurungum a akwatin nema, su ga ba abin da ya fito, su ce babu wanda ya taɓa rubutu a kai. Dabarar ita ce a tsamo kalma biyu ko uku masu nauyi, a nemo musu takwarori. Gyaɗa a Ingilishin Najeriya groundnut ce, a Amurka peanut. Dawa muna ce mata guinea corn, masana kuwa sorghum suke rubutawa. Wanda ya tsaya kan kalma ɗaya ya bar rabin kayan a baya. Sa AND tsakanin kalmomi yana tsuke nema, OR yana faɗaɗa shi, alamar zance kuma tana riƙe jimla yadda take. Sannan in ya sami maƙala guda mai kyau, ya juya ƙarshenta ya duba manazartarta, ita za ta kai shi ga sauran.

7. Ba kowace rijiya ake shan ruwanta ba.
Mu da muka taso muna jin malamai suna bin isnadin hadisi, wane daga wane, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kafin ɗalibi ya dogara da rubutu, ya tambayi kansa: wa ya rubuta, mene ne iliminsa, wace shekara, wa ya buga, shi kuma daga ina ya samo? Mujallar kirki sai masana sun tace maƙala kafin ta fito. Akwai kuwa na 'yan kasuwa da ke buga komai cikin kwana uku muddin an biya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT, wanda ya fito a Nuwamban 2022, sukan taimaka wajen warware darasi mai wuya, amma sukan ƙago sunan littafi da marubuci da shekara, su jera su tsaf, alhali babu su a duniya. Dokar da za ku kafa a gida mai sauƙi ce: abin da idonka bai gani ba, kada ka sa shi a manazarta.

8. Ya rubuta majiya nan take.
Ku saya masa littafin rubutu mai bango mai ƙarfi na wannan aiki kawai. Duk abin da ya karanta, ya rubuta sunan marubuci, shekara, take, mawallafi da lambar shafi kafin ya tashi. Maganar wani da ya kwafo ya sa mata alamar zance, tasa fahimtar kuma ya ware ta gefe, don kada su cakuɗe bayan wata uku. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, manhaja ce ta kyauta da ke adana majiyoyi ta jera su a salon da ake so. Ya tambayi sashensu salon da suke bi, da yawa APA suke bi, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019. Kuma ya riƙa tura wa kansa kwafin aikin ta imel duk ƙarshen mako. Waya tana faɗawa ruwa, fulash yana ɓata, ɓarawo ba ya tambaya ko akwai firojet a ciki.

9. Kada kuɗinku ya sayi firojet.
A bakin kowace jami'a akwai shagunan da za a ce wa yaro ya kawo kuɗi a rubuta masa. Ku bambance kuɗin buga takardu da ɗinke kundi, wanda halas ne, da kuɗin sayen gumin wani. Jami'o'i da dama suna tace aiki da manhajoji irin Turnitin, satar fasaha kuma kan jawo faɗuwa ko kora. Ko ya tsallake na'ura, ranar kare aiki yana gaban malamai, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kundayen da ke laburare na duba tsari ne da gano inda na baya suka tsaya, don a ɗora. In kuna son sanin gaskiya, ku ce ya bayyana muku aikinsa da Hausa bayan sallar isha. Wanda ya yi da kansa zai iya fahimtar da kakarsa.

10. Ku ba karatu wuri a gida da lokacin hutu.
Hutu kan yi tsawo, yajin aikin malamai na 2022 ya kai wata takwas. Ku tura 'ya'yanku laburaren gari, kamar na Murtala Muhammed a Kano. Mai binciken tarihi ko harshe ko addini ya san da Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Mambayya a Kano, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, 'yan Nijar kuma da sashen tsofaffin rubuce-rubuce na cibiyar IRSH a Yamai. Ya tafi da katin makaranta da wasiƙa daga sashensu. A gida kuma, ku tuna da 'ya mace. Ɗan'uwanta yana ɗaki da littafi, ita tana tsakanin murhu da wanke-wanke, alhali jarrabawa ɗaya ke jiransu. Ku raba aikin, ku ware mata awa biyu da ba mai aikenta, ku cika mata fitila da caji. In za ta yi dare a laburaren makaranta, ta tafi da abokiyar tafiya.

Ɗiyar yayata ta koma, ta karɓi kati a aji huɗu, tare da 'yan aji ɗaya a layi. Wata ma'aikaciya ta zauna da ita kusan awa guda, ta nuna mata kundaye uku kan fanninta da yadda ake shiga rumbun mujallu. Ta sake babin daga farko, ya ci mata mako biyar. Da ta kira ni ta ce, "Kawu, ashe duk abin nan yana nan ban sani ba." Bana ƙanenta zai shiga aji ɗaya. Uwarsu, wadda karatunta ya tsaya a firamare, ta riga ta faɗa masa cewa in ya zo hutun farko, kafin ya ajiye jaka, katin laburare za ta fara gani.