Amsoshin Tambayoyinku: Mene ne "pipe dream"?

Tambaya: Malam, ina yawan jin Turawa suna kiran wani shiri "pipe dream". Mece ce ma'anarsa, kuma me ya haɗa bututu da mafarki? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗalibi. Idan Bature ya kira shirinka da wannan suna, yana nufin burin yana da daɗin ji, amma babu hanyar aiwatar da shi. Kusan abin da Bahaushe ke nufi ke nan idan ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Magana ce ta hira da ta jaridu, kuma tana ɗauke da 'yar ba'a.

Bututun ruwa kuwa ba shi da hannu a ciki. Abin da ake nufi shi ne lofe, musamman dogon lofen da ake shan ofiyom da shi, wato daskararren ƙaron da ake tatsa daga wani fure mai sa maye. A ƙarni na 19 gidajen shan sa sun yaɗu a biranen Amurka, har birnin San Francisco ya kafa dokar hana su a 1875. Mashayi yakan kishingiɗa ya zuƙi hayaƙin, ya yi ta ganin daula da dukiya, idan mayen ya sake shi ya tarar babu komai. Daga nan Amurkawa suka ari sunan wannan mafarki suka laƙaba wa duk wani buri marar tushe. A 1909 gwamnatin Amurka ta haramta shigo da ofiyom na sha, amma kalmar ta riga ta zauna a bakin mutane, har yau yawancin masu faɗarta ba su san asalinta ba.

Sai dai ka yi hattara wajen jifan shirin wani da ita. Ɗaya daga cikin tsofaffin misalanta a rubuce ya fito ne a wata jaridar Chicago a 1890, inda aka ce an daɗe ana yi wa tafiya a sararin sama kallon "pipe dream". Amma a 1903 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da jirginsu. Don haka kafin ka yanke hukunci, tambayi mai shirin kuɗinsa, kayan aikinsa da matakinsa na farko. Idan ya amsa dalla-dalla, to ka saurare shi.