Yadda Ake Duba Ɗan Wasan da Ya Ji Ciwo a Fage

Da an gama yankan gero a ƙasar Magaria da Dungass, kiɗan kokowa ke tashi. A Dantchiao da ƙauyukan da ke kewaye da ita, samari na kwana suna kaye, kowa na mafarkin Takobi, gasar ƙasa da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya lashe. Da yamma kuma ga ƙwallo, wasu ma ba takalmi. To amma gefen fagen ƙauye ba likita, kuma hoton ƙashi sai an yi tafiya zuwa babban asibiti, Magaria ko ma Damagaram. Don haka ido da hannun mai duba, ma'aikacin ɗakin shan magani ne ko mai horar da 'yan wasa, su ke raba wanda zai koma gida da wanda za a nema wa mota.

Kai da wuya ake fara dubawa, ko da ƙafa yake kuka da ita. Wanda aka yi sama da shi ya sauko ta ka, yana jin ciwo a tsakiyar wuya ko hannuwansa sun mutu, ba a ɗaga shi, ba a juya shi. Sai a tallafe kan a yadda yake, a ɗauke shi kan allo ko ƙyaure. In ya tashi da kansa, sai a yi masa tambayoyin nan da masu duba 'yan ƙwallo ke yi: a wane fage muke, da wa ka kama, wa ya yi kaye kafin naka? Wanda ya ruɗe, ko yake tangaɗi, wasansa na ranar ya ƙare, ko da bai suma ba. In amai ya biyo baya ko barci ya rinjaye shi, asibiti kai tsaye.

Daga nan sai labari. Yaya ya faɗi? Ƙafar ta lanƙwashe ciki ne ko waje? Ya ji wani abu ya ce ɓas? Mai duba da ya ƙware kan gane rabin ciwon tun daga nan. Gwiwar da ta kumbura suntum cikin awa ɗaya ko biyu jini ne ya taru a ciki, alamar jijiya ta tsinke ko ƙashi ya tsage. Kumburin da sai da safe ya fito yakan fi sauƙi.

Sai a kwance layu da ɗamarar da ke wurin, a jera gaɓar da ta ji ciwo da 'yar'uwarta mai lafiya, a kwatanta. Taɓawa kuma daga nesa ake somawa, a matso a hankali, wurin da ya fi zafi shi ne na ƙarshe. Shi mai ciwon ne zai fara motsa gaɓar da kansa, kafin wani ya motsa masa.

Idon sawu shi ya fi kawo gardama: targaɗe ne ko karaya? Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da ƙa'ida kan haka a 1992, kuma ba ta buƙatar komai sai yatsa. Ana danna bayan ƙashin idon sawu na waje da na ciki, daga tsininsa a hau sama kimanin santimita 6. Ana danna ɗan tudun ƙashin da ke gefen ƙafa, a tushen ƙashin da ya nufi ƙaramin yatsa, da kuma wanda ke ɓangaren ciki gaban idon sawu. Sannan a ce ya taka sau 4, ko da ɗingishi. In ƙashi bai yi zafi a waɗannan wurare ba, kuma ya iya takun, da wuya a ce karaya ce. In ɗaya ya saɓa, sai hoto. Ga magidancin da zai biya kuɗin mota da na asibiti daga kuɗin riɗi ko waken da ya sayar, wannan gwaji ba ƙaramin rufin asiri ba ne.

Gwiwa kuwa kwantar da shi ake yi rigingine, a ɗan tanƙwara ta kaɗan, hannu ɗaya ya riƙe cinya, ɗayan ya jawo ƙwauri gaba. Gwajin Lachman ke nan. Gwiwa mai lafiya takan tsaya cak, kamar akuya ta kai ƙarshen igiyarta. In ƙwaurin ya ci gaba da zamowa, babbar jijiyar cikin gwiwa ta tafi. Agara ta fi sauƙin ganewa: ya kwanta rub-da-ciki, a matse sha-raɓa, in tafin ƙafa bai motsa ba, ta tsinke.

Ciwon 'yan kokowa na musamman shi ne gocewar kafaɗa, galibi kan ƙashin gaba yake faɗawa. Tun daga nesa ana gane shi: kafaɗar ta rasa tudunta, mutum ya rungume hannun da ɗayan, ba ya yarda a taɓa. A nan ne 'yan kallo ke ɓarna. Sai wani ƙato ya fito ya ce a bar masa, ya taka hamata ya finciki hannu, alhali wataƙila akwai karaya tare da gocewar. Abin da ya dace, a shafa fatar saman damtse ta waje a tambaye shi ko yana ji, a rataye hannun da rawani ko zane, a kai shi inda za a mayar.

Kowace gaɓa ce, akwai duban da ba a tsallakewa. A danna farce har ya yi fari, a saki. Ya kamata jini ya dawo cikin daƙiƙa 2. A nemi bugun jini a ƙasan ciwon, a ce ya motsa yatsu. Yawancin mutanen karkara wurin maɗori suke fara zuwa, kuma akwai maɗoran da suka gaji sana'ar suka iya ta. Haɗarin yana wajen ɗaure karare tamau kan gaɓar da ba ta gama kumbura ba. Yatsun da suka yi sanyi, suka canza launi, ko zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗorin nan take, don ta haka ake rasa hannu ko ƙafa.

Duban ranar farko ba ya nuna komai da komai, domin zafi kan sa nama ya ƙage. Wanda aka sallama da targaɗe, ya huta, ya ɗaga ƙafar, ya sa mata sanyi, ya dawo bayan kwana 4 ko 5 a sake gwada jijiyoyin. Kafin ya koma fage kuma, sai ya iya tsalle da ƙafar ita kaɗai ba tare da ya yamutsa fuska ba.