Yadda Ake Gane Yoyon Baƙin Mai da Hayaƙin Salansa a Lokacin Hunturu

Daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da motocin Tafoki, Sabuwa da Ƙanƙara ke ta jigilar masara zuwa kasuwannin Dandume da Funtuwa, shi ne lokacin da direbobi suka fi tsorata da motocinsu. Da asuba a tayar da Golf, sai ga hayaƙi fari fat a baya, ƙasa kuma ga ɗigon mai. Kafin a ce me, wani ya yanke hukunci: a sauke inji. A yi haƙuri tukuna. Yawancin binciken mai mota zai iya yin sa da kansa a ƙofar gida, kuma da sassafe ake yi, kafin inji ya ɗau zafi.

Tun da daddare ake farawa. A ajiye motar a wuri mai daidai, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Da safe kwalin zai faɗi abu biyu: irin man da ya zuba da kuma inda ya fito. Baƙi ko ruwan ƙasa mai santsi, baƙin mai ne. Ja-ja, man giyar otomatik ne ko na sitiyari. Mai wari mai kauri, man giyabos. Idan kuwa mai haske ne kuma kusa da taya, man birki ne, kada motar nan ta hau titi sai an gyara.

Sai a buɗe bonet. A nan ƙurar hunturu takan taimaka, domin duk inda mai ke tsattsafowa takan manne ta yi dabbare-dabbare. Amma mai gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya, saboda haka inda ya ɗiga ba lallai nan ne ya fito ba. A wanke injin, a bar shi ya bushe, a tayar, sannan a bi sawu da tocila daga sama zuwa ƙasa: gaskit ɗin murfin kan inji, gindin filtar mai, suwic ɗin mai, sil ɗin gaba, har zuwa sam da notin juye mai. Wurin da ya fi kowane tsayi da aka samu a jiƙe, shi ne mai laifi. Sanyi ke fallasa shi: tsohuwar roba takan ƙanƙance ta yi tauri, mai irin 20W-50 kuma ya yi kauri, matsinsa ya hau a mintocin farko. Kada a manta da tiyon numfashin inji. In ya toshe, iskar da ke ciki takan tura mai waje ta kowace kafa, sai a yi ta sauya sil a banza.

Yanzu hayaƙi. Mutum ɗaya ya tayar, ɗaya ya tsaya a baya. Fari siriri mai bajewa nan take, wanda ke ɗaukewa bayan 'yan mintoci, tururi ne kawai. Lita 1 ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan lita 1 ta ruwa, ana ganin sa ne don salansa ta yi sanyi. Wanda ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi shi ne abin damuwa, musamman in ruwan lagireto na raguwa. Tun inji na da sanyi a cire murfin lagireto, a tayar, a duba: kumfa mai tasowa ba tsayawa alamar gaskit ɗin kan silinda ce. Ba a taɓa murfin nan da zafi. A zaro gejin mai kuma. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ɗan fari-fari a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hujja ba ne, gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi na kawo shi.

Shuɗi-shuɗi mai ƙauri, baƙin mai ke ƙonewa. In ya fito sau ɗaya da tayarwa ya ɓace, sil ɗin bawul ne suka bari mai ya sauka cikin dare. In yana ƙaruwa duk lokacin da aka taka totur, zargi ya koma kan ringi. A kwance filogi a gani, wanda ya jiƙe da mai zai nuna silindar. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya fi iska yawa, kuma a wannan hazo abu na farko da za a duba shi ne eya kilina.

Akwai al'adar da garejojinmu suka riƙe wadda ban yarda da ita ba: cire tamostat don gudun ofahitin. Injin da aka cire wa ita ba ya saurin ɗumi da sanyin safiya, sai ya yi ta shan fetur, tururi na taruwa a cikin mai.

Da wannan bayani za ka je wa bakanike a Funtuwa, ka ce: "Maigida, ga launin hayaƙin, ga lokacin da yake fita, ga inda mai ke tsattsafowa." In ya ce ringi ne, ka nemi a auna matsin kowace silinda a gabanka kafin a kwance noti ko ɗaya.