Dokar Haƙƙin Mallaka: Wa Aka Yarda Ya Buɗe Makulli?

Jama'a su sani, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta hana karya makullin sirri da mawallafi ya sa wa littafi, waƙa ko fim na kwamfuta. Amma dokar ta yi togaciya. Jami'an tsaro masu bincike bisa izini ba su da laifi. Haka kuma an halatta mayar da littafi rubutun makafi ko murya, bisa Yarjejeniyar Marakesh wadda Nijeriya ta amince da ita a 2017. Saboda haka makulli ba zai hana makaho ɗan Jajimaji karatu a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ba. Wanda kuwa ya buɗe don ya kwafa ya sayar a kasuwar Nguru, hukunci na jiransa.