Amsoshin Wasiƙunku: Blade Runner, Fim ɗin da Ya Faɗi a Kasuwa Amma Ya Ƙi Mutuwa

A makon jiya, muna cikin hirar fina-finan da suka yi kwantai lokacin fitowarsu amma daga baya suka yi suna, na ambaci Blade Runner a gurguje na wuce. Ashe na sosa wa mutane inda yake musu ƙaiƙayi. Saƙonni suka yi ta shigowa a kansa, har muka ga ya dace yau mu ba shi filin gaba ɗaya. Ku gyara zama.

Wasiƙar farko ta wani ɗalibi ce daga Zariya. Ya ce: "Yaya, na sha jin ana kuranta wannan fim, na nemo shi na kunna, kafin a kai rabi barci ya yi awon gaba da ni. Don Allah mene ne a cikinsa?"

To ƙanena, ba kai kaɗai ba ne. Waɗanda suka fara kallonsa a Amurka ranar 25 ga Yunin 1982, da yawansu haka suka fito suna guna-guni. Sun ga sunan Harrison Ford, jarumin da suka sani da tsalle-tsalle da harbe-harbe a Star Wars da Indiana Jones, suka shiga da zaton irin wannan za su gani. Sai suka tarar da fim mai tafiyar hawainiya, ga duhu, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga jarumi mai murtuke fuska wanda kusan duk wanda ya kara da shi sai ya lakaɗa masa duka.

Ga labarin a taƙaice. A birnin Los Angeles ne, cikin watan Nuwamban 2019, wanda a lokacin shekara 37 ce a gaba. Wani kamfani mai suna Tyrell yana ƙera mutane na tsoka da jini, waɗanda ido ba ya bambanta su da 'yan Adam, ana tura su bauta a wasu duniyoyin. Don kada su daɗe har su fara tunanin kansu, an yanke musu wa'adin shekara huɗu kacal. Wasu daga cikinsu suka yi tawaye suka gudo duniya, ƙarƙashin jagorancin Roy Batty, suna neman wanda ya ƙera su ya ƙara musu kwana. Aka tilasta wa Rick Deckard, tsohon ɗan sanda wanda Harrison Ford ya fito a matsayinsa, ya koma bakin aiki ya farauto su ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake gane su shi ne zuciyar fim ɗin. Ana zaunar da mutum gaban wata na'ura da ke lura da ƙwayar idonsa da numfashinsa, a yi ta jefa masa tambayoyi masu taɓa zuciya, misali a ce ya tarar da kunkuru an kifar da shi a bayansa cikin zafin hamada, yana ta fafutika, shi kuma bai taimake shi ba. Abin da ake aunawa tausayi ne, domin an ɗauka ƙerarre ba shi da shi. Riƙe wannan a ranka ka sake kallo, ka lura da wanda ya harbi mace ta baya tana gudun ceton ranta, da kuma wanda ya miƙa hannu ya ceci maƙiyinsa a ƙarshe. Ina kyautata zaton barcin ba zai zo ba. Amma ka kalla da dare, waya a ajiye, kuma ba tare da yara ba, don akwai zubar da jini da wasu wuraren da ba su dace da su ba.

Saƙo na biyu daga Maraɗi ya fito, daga wani mai shagon tura fina-finai a waya. Ya ce: "Malam, na sami fim ɗin kala biyu. A ɗaya jarumin yana ta ba da labari da bakinsa, a ɗayan kuma shiru. Ƙarshensu ma ba iri ɗaya ba ne. Wanne ne na gaskiya, wanne ne jabu?"

Maigida, babu jabu a ciki, kuma wannan tambaya taka ita ce rabin tarihin fim ɗin. Da mai ba da umarni Ridley Scott ya gama aikinsa, aka gwada nuna shi ga wasu 'yan kallo, suka ce ba su gane ba. Masu kuɗin suka tsorata, don an kashe kusan dala miliyan 30. Sai suka sa Harrison Ford ya ɗora murya yana bayanin abin da ke faruwa, aikin da shi kansa bai ɓoye cewa bai so shi ba. Suka kuma liƙa ƙarshe mai daɗi, inda jarumi da budurwarsa Rachael suke tafiya cikin mota tsakanin duwatsu da itatuwa. Hotunan duwatsun ma aro aka yi daga ragowar abin da Stanley Kubrick ya ɗauka don fim ɗinsa The Shining.

Duk da haka bai tsira ba. Mako biyu kafin fitowarsa aka saki E.T. na Steven Spielberg, wanda ya kwashe kasuwar shekarar kaf. Jama'a suna son fim mai sanyaya rai, aka kawo musu mai dagula tunani.

Kaset ɗin bidiyo ne ya cece shi. Fim ne da ba ya buɗe kansa a kallo ɗaya, kuma kaset ya ba mutane damar tsayarwa, su mayar baya, su sake dubawa. A hankali ya tara masoya, ba su da yawa amma ba sa gajiya da zancensa. A 1990 aka haska wani tsohon kwafi na gwaji a wani gidan sinima a Los Angeles, wanda babu wancan ƙarshe mai daɗi, kuma kusan babu muryar bayani. Labari ya bazu, aka yi ta cika sinima a Los Angeles da San Francisco a 1991. Ganin haka kamfanin Warner Bros ya fitar da wanda ake kira Director's Cut a 1992. A 1993 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ƙasar za ta adana saboda muhimmancinsu. Sai a 2007 aka fitar da The Final Cut, wanda shi kaɗai ne Ridley Scott ya yi yadda yake so ba tare da an sa masa baki ba. Idan abokin ciniki ya tambaye ka, wannan na 2007 za ka ba shi.

Sai wasiƙar wani dattijo daga Kano, wanda ya ce a ƙuruciyarsa ya yi aikin haska fim a sinima. Yana tambaya: "Ɗana, a zamanin da babu irin kwamfutocin yanzu, yaya aka yi suka gina wannan birni?"

Baba, Allah ya ƙara girma. Da hannu aka yi shi. Dogayen benayen nan da katafaren ginin Tyrell mai siffar dala, ƙananan samfura ne aka sassaƙa, aka cusa musu 'yan mitsi-mitsin fitilu, aka cika ɗaki da hayaƙi, aka ɗauka da kyamara a hankali. Douglas Trumbull, wanda ya yi aiki a 2001: A Space Odyssey, yana cikin waɗanda suka jagoranci wannan ɓangare. Syd Mead, wanda ya taɓa zanen motoci a kamfanin Ford, shi ya zana motocin da yanayin titunan. Titin kuwa tsohon titin ɗaukar fim ne a harabar Warner Bros da ke Burbank, aka lulluɓe shi da bututu da wayoyi da allunan talla masu walƙiya, aka yi ta ɗauka da dare ana feshin ruwa. Faɗan ƙarshe kuma an ɗauki wani sashensa a ginin Bradbury, wanda yake tsaye a Los Angeles tun 1893.

Akwai abin da ya fi dabara muhimmanci, Baba. Yawancin fina-finan da suka gabace shi suna nuna gobe tsaf-tsaf, fara fat, kamar ba a taɓa zama cikinta ba. Shi kuwa Scott ya taso ne a arewa maso gabashin Ingila, yankin masana'antun ƙarfe da sinadarai, kuma ya sha faɗin cewa wutar da yake gani tana tashi daga bututunsu da dare tana cikin abin da ya haifar da hoton buɗe fim ɗin. Sai ya nuna gobe wadda ta tsufa: sabon abu an ɗora a kan tsoho, masu kuɗi can sama, talaka a ƙasa yana cin taliya a rumfar bakin titi, harsuna sun cakuɗe. Duk wanda ya taɓa kutsawa Kantin Kwari ana gobe Sallah zai gane irin cunkoson da nake nufi. Ga kuma kiɗan Vangelis, mutumin Girka, wanda ya sa birnin ya zama kamar yana numfashi.

Wata malamar makaranta daga Kumasi ta rubuto cewa: "Shekarar 2019 ta zo ta wuce, ba mu ga mota mai tashi ba. Ashe hasashensu bai ci ba. Ni dai Chitti na fim ɗin Indiya ya fi burge ni."

Malama, a kan na'urori kin yi gaskiya. Babu mota mai tashi a titunanmu, ba a kai kowa bauta wata duniya ba, kuma ba su hango wayar hannu ba, don Deckard sai da ya je wayar bango ya biya kuɗi kafin ya kira Rachael yana ganin fuskarta. Kamfanin jiragen Pan Am da aka nuna tallarsa tana haskawa a 2019 ya rushe tun 1991. Amma ki dubi sauran: gurɓatar iska, ƙarewar dabbobi, kamfanonin da suka fi wasu gwamnatoci ƙarfi, allunan talla masu motsi a jikin gine-gine. Yau kuma ga ƙirƙirarriyar basira tana rubutu tana kwaikwayon murya, har shafukan intanet suna tambayarmu mu tabbatar mu mutane ne.

Chitti na Enthiran, wanda Rajinikanth ya fito a ciki a 2010, ai tambaya ɗaya suke yi da Blade Runner: me zai faru idan abin da aka ƙera ya fara so da kishi da fushi? Bambancin shi ne Chitti ƙarfe ne, ana iya kwance shi, mai kallo ya san iyakar da ke tsakani. A Blade Runner an goge iyakar. Rachael tana tuna ƙuruciyarta, tana da hoton da ta ɗauka na mahaifiyarta ne, ashe duk tunanin wata 'yar ɗan'uwan mai kamfanin Tyrell ne aka dasa mata. Daga wannan rijiya fina-finai da yawa suka sha, irin su Ghost in the Shell na Japan a 1995 da The Matrix a 1999. A 2017 Denis Villeneuve ɗan Kanada ya yi ci gabansa, Blade Runner 2049, ya ci kyautar Oscar biyu, shi ma kuma kasuwarsa ba ta kai yadda aka zata ba. Abin kamar gado.

Wani malami daga Sakkwato ya aiko da damuwa: "Shin wannan fim ba yana koya wa matasa cewa ɗan Adam zai iya halitta ba ne?"

Allah gafarta malam, hukunci na malamai ne, ni ɗan rediyo ne. Abin da zan iya shi ne in faɗi abin da ke cikin fim ɗin, wanda ƙagaggen labari ne da aka ɗauko daga littafin Philip K. Dick na 1968. A ciki, mutumin da ya ɗauki kansa mai halitta an nuna gazawarsa ƙarara. Roy ya sha wahala ya isa gaban Tyrell da buƙata guda, ƙarin kwana. Tyrell, duk da iliminsa da dukiyarsa, ya kasa ƙara masa ko yini ɗaya, kuma shi ma bai kai gari ya waye ba. A fahimtata labarin gargaɗi ne ga masu girman kai, da masu mayar da wani kayan aiki su ce ba shi da zuciya don su sami damar zaluntarsa. Tarihin bauta ya san wannan hujja tun kafin a ƙirƙiro sinima.

Nan ne ma sirrin daɗewarsa yake. Roy ya san ajalinsa ya zo, Deckard da ya harbe masa masoyiya yana rataye a bakin bene zai faɗo, sai ya kamo hannunsa ya jawo shi. Ya zauna cikin ruwan sama ya yi 'yar gajeriyar magana a kan abubuwan da ya gani waɗanda za su tafi tare da shi, ya cika. Rutger Hauer, ɗan Holan da ya fito a Roy, shi ya rage tsawon maganar ya ƙara nasa a ciki. Shi ma ya rasu a Yulin 2019, shekarar da Roy ya mutu a labarin. Na'ura tana tsufa, amma tsoron mutuwa da son a tuna da mutum ba sa tsufa.

Saura minti kaɗan, bari mu ɗauki ta ƙarshe daga Garwa a Kamaru: "Shi Deckard ɗin mutum ne ko ƙerarre?" Ɗan'uwa, ka jawo rigimar da ta fi shekara 30 ba a raba ta ba. A kwafin 1992 an ƙara wurin da Deckard yake mafarkin wani doki mai ƙaho ɗaya, a ƙarshe kuma abokin aikinsa Gaff ya bar masa siffar wannan dokin da aka naɗe da takarda. Yaya Gaff ya san mafarkinsa idan ba dasa masa aka yi ba? Ridley Scott ya ce ƙerarre ne. Harrison Ford ya daɗe yana cewa mutum ya taka. Ni ina tare da masu cewa mutum ne, domin darasin ya fi nauyi idan ƙerarre ne ya koya wa ɗan Adam tausayi. Wanda bai yarda ba ya rubuto da hujjarsa, za mu karanta.

Lokaci ya yi mana halinsa. Waɗanda ba su ji saƙonsu ba su yi haƙuri, yana nan a ajiye. Mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, za mu duba The Thing na John Carpenter, wanda ya fito rana ɗaya da Blade Runner, ya sha kaye irin nasa, shi ma daga baya ya tashi.