Yadda Ake Tsara Doguwar Tafiya Kada Taswirar Waya Ta Yaudare Ka

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Abuja ya san lokacin da waya ta nuna daban, lokacin sauka a Jabi daban. Nisan bai kai kilomita 500 ba, amma sai a tashi da hantsi a isa bayan isha'i. Dalili kuwa, Google Maps na yin lissafi ne da nisan hanya, da gudun da aka saba yi a kanta, da motsin wayoyin matafiyan da ke kai a lokacin. Inda babu sabis, lissafin kan koma kintace. Ga yadda za ka amfana da ita ba tare da ka miƙa mata wuya ba.

1. Sauke taswirar tun daren jajibiri. Manhajar tana ba da damar adana taswirar yanki a cikin waya, ta yadda za ta ci gaba da nuna hanya ko sabis ya ɗauke. Sai dai taswirar da aka adana ba ta nuna cunkoso. Cika waya da caji, ka riƙe cajar mota.

2. Yi wa lissafinta ƙari. In ta ce awa shida, ka ƙudurta takwas ko tara. Ba ta lissafa jiran cikar mota a tasha, da shingayen jami'an tsaro, da layin gidan mai, da tsayawar salla da cin abinci. In ɗaurin aure ne ko jarrabawa ko jirgin sama ke gabanka, ka kwana a garin kawai.

3. Tambayi wanda ya biyo hanyar yau. Matambayi ba ya ɓata. Shiga tasha, Unguwa Uku ce ko Kawo, ka sami direban da ya shigo da safe: "Ranka ya daɗe, yaya hanya?" Shi zai gaya maka inda tirela ta faɗi, da inda ake aiki aka haɗe motoci a hannu ɗaya. 'Yan kamasho ma ba a raina labarinsu.

4. Duba rana da yanayi. Juma'a kasuwar Wudil ke ci, motocin shanu su cika hanyar Maiduguri. Alhamis kuma ta Maigatari ce. Jajibirin Salla hanyoyi kan cushe. Da damina ruwa na iya yanke titi ɗungurungum. A 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja zuwa Lokoja a Koton Karfe, manyan motoci suka yi kwanaki a tsaye, har mai ya yi wuya a Abuja. Da hunturu kuma hazo kan tilasta rage gudu.

5. Yi hattara da ratse. Nan ne haɗarin ya fi yawa. Da manhajar ta hango cunkoso a gaba, sai ta ba ka shawarar yanke ta wata ƙaramar hanya don rage minti ashirin. Ba ta san ko gadar can ta karye ba, ba ta kuma san dajin da 'yan bindiga ke tare hanya ba. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in ba ka ga motocin haya suna shiga ba, kai ma kada ka shiga. In ya zama dole, tsaya ka tambayi mutanen gari tukuna.

6. Yi sammako. Da sanyin safiya ake kama fara. Tashi bayan asuba, ka tsara yadda magariba za ta same ka a masauki. In rana ta yi nisa kuma tafiya da saura, gara ka kwana a garin da ka yarda da shi.

7. Yi guzurin jira. Ruwa, dabino ko ƙuli-ƙuli, maganin da kake sha, da tsabar kuɗi, don tiransifa na iya ƙi a ƙauye. Mai motar kansa ya duba safaya da jak, ya kuma ƙara mai tun tanki na rabi.

8. Sanar da gida. Faɗa wa wani motar da ka shiga da hanyar da za ku bi, ka tura masa inda kake ta WhatsApp. Ajiye lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, da 112 ta agajin gaggawa.

In maganar waya da ta direbobin tasha suka zo ɗaya, kama hanya. In suka saɓa, bi ta wanda tayarsa ta taka titin yau. Allah ya kai mu lafiya.