Ciwon Jijiya Da Rashin Barci

'Yan'uwa, akwai wani ciwo wanda ba ya kumbura, ba ya fid da jini, amma mai shi ya kan kwana ido biyu. Ƙafa ta yi zafi kamar an taka garwashi, ko ta riƙa suka kamar allura, har taɓawar mayafi ta zama azaba. Wannan shi ne ciwon jijiya. Da rana aiki ya kan ɗauke hankali, amma sa'anda gari ya yi tsit sai ciwon ya sami fili. A ƙasar Batsari da Safana kuwa, inda hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu a 2019 da 2020 suka koya wa mutane kwanan fargaba, nauyin ya zama biyu.

Ciwon sukari yana kawo shi, kuturta kuma haka. Dattawanmu sun san Babbar Ruga a kan hanyar Batsari, inda mishan ta yi jiyyar kutare tun shekarun 1930. Yanzu kuturta tana warkewa cikin wata 6 ko 12, tun 1995 kuma maganinta kyauta ne. Amma jijiyar da ta lalace ta kan yi ta ciwo shekaru bayan ƙwayar cutar ta mutu. Wannan ba dawowar cuta ba ce, ba kuwa alhakin zunubi ba. Mu karanta Ayuba sura 2 da ta 7. Shi ma ya yi ta juyi har asuba. Abokansa sun kyauta sa'anda suka zauna tare da shi kwana 7 shiru. Ɓarnarsu ta soma ranar da suka shiga neman laifinsa. Mu ma mun cika wannan hali.

Farasitamol ba ya cika taɓa wannan ciwo, shi ya sa waɗansu su kan koma ga taramol na kasuwa, su ƙara wa kansu wata cuta. Likita yana da maganin jijiya, kamar amitiriftilin, wanda a kan sha kaɗan da dare, yana kuma taimakon barci. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa, kada a yar da shi a kwana na 3. Idan sabon ciwo ya zo tare da mutuwar yatsa ko ƙafa, kada a jira girbi, a nemi ma'aikacin tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukuma nan da nan, gama jijiya ba ta jira.

Ƙafar da ba ta ji sosai, kada a gasa ta a bakin wuta lokacin hunturu. A jiƙa ta cikin ruwa mara zafi, a shafa man kaɗe, a duba ko akwai ƙaya. Goro da shayi a bar su tun la'asar. Dattawan ekklesiya kuma su raba dare a tsakaninsu, domin matar mai ciwo ita ma ta runtsa.